Baba Tsani da Akwatunan Cikin Silin

Babu wani dogon bene da ke numfashi a garin nan sai da izinin Baba Tsani. Haka yake gaya wa surukansa. Benen dai ɗaya ne, mai hawa tara, ofishin Baba kuma yana can ƙarƙashin ƙasa, tsakanin injin ruwa da ɗakin ajiye tsintsiya. Kujerarsa ƙafa uku gare ta, bulo ne cikon ta huɗu.

Shekara goma sha tara yana kula da akwatunan da ke sarrafa sanyi da fitilun ginin. Su ashirin da huɗu ne, ɓoye cikin silin, waya ɗaya ta ɗinke su daga ƙasa har sama. Kowanne da lambarsa, kuma bi da bi suke magana: a kira wannan ya faɗi zafin ɗakinsa, ya ja bakinsa, na gaba ya karɓa. In suna zaman lafiya, kwamfutar Baba kore take nunawa, shi kuma ba mai tunawa da shi. Sunan Baba Tsani ma daga tsanin da ba ya sauka daga kafaɗarsa ya samo shi.

Sati biyu ke nan kwamfutar ta yi jajir. Akwatunan su yi magana minti goma, su ɗauke wuta awa guda. Ma'aikatan hawa na huɗu suna rawar ɗari, na bakwai suna fifita da fayil.

Ranar Litinin Manaja ya tare shi a bakin lif.

"Baba, ni ma an sa ni a gaba. In Alhamis ta yi ba su daidaita ba, wani kamfani zai karɓi ginin, ka miƙa makullai."

"Ranka ya daɗe, sai an bi su a hankali."

"Tun da na zo gidan nan a hankali ake binsu."

Dabarar Baba tsohuwa ce. Ya kwance wayar a tsakiya, ya sauka ya duba wane ɓari ne ke rigima, ya hau ya sake raba wannan biyu. Kowane rabo sai an ɗaga silin, ƙura ta zubo masa a wuya. An hana shiga lif da tsani, saboda haka gwiwoyinsa suka san adadin matakalar gidan fiye da wanda ya zana ta.

"Baba Tsani, har yanzu ba a kama aljanin ba?" in ji Inna mai shara, tana jiran ya gama ɓata mata ƙasa.

"Aljani ai ana lallashinsa, Inna."

A gida matarsa ta dube shi yana shafa man zafi.

"Mutumin da ba ya ganin gishiri a faranti, shi ne mai neman laifi cikin duhu. Ina tabaran da ɗiyarka ta saya maka?"

"Idona garau yake."

"Garau ƙwarai. Shi ya sa jiya ka yi wa rigar da na shanya sallama."

Baba ya ci gaba da shafa mansa. A wurin aiki wanda ya sa tabarau ya fara ban kwana, haka ya yi imani. Da safe ya tarar da tabaran cikin aljihu, bai mayar ba.

Ranar Laraba da azahar rabon ya tsaya a hawa na shida, kan akwatin da ya sauya makonni biyu da suka wuce. Duk gidan shi kaɗai ne bai zarga ba, don da hannunsa ya saka shi. Ya auna wutar, lafiya. Ya ja wayoyin, daram. Ya leƙa ƙasa, ya ga ba kowa, sannan ya ciro tabaran.

A gefen akwatin akwai ƙananan makunnai takwas, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, da su ake ba shi lamba. Goma sha bakwai ya kamata ya zama. Makunni ɗaya bai tashi ba, ya zama goma sha shida, alhali akwai mai wannan lambar a ƙarshen baranda. Duk kiran da aka yi su biyu suke amsawa, magana ta cakuɗe, sauran su yi cirko-cirko.

Ya daɗe zaune a kan tsanin. Sannan ya sa bakin biro ya tura makunnin. Da ya sauka, kwamfutar ta yi kore shar, ashirin da huɗu cif.

Ofishin Manaja yana hawa na tara, kuma ko da ba tsani a kafaɗa, ta matakala ya bi, don yana da abin shiryawa. A hawa na biyu ya ɗora laifin a kan tsufan waya. A na biyar ya mayar da shi kan masu ƙera akwatin. A na takwas ya tsaya yana haki, ya ga ƙarya ma aiki ce, shi kuwa ya gaji. Zai faɗi gaskiya, ya ce kuma ya gyara tun kafin wa'adi.

"Manaja ya fita taro, Baba," in ji Sakatariya. "Sannu da hawa. Kai, yau har mun ji sanyi!"

"Sun daidaita, 'yata. Ki gaya masa ina da bayani."

"To. Af, ga wannan, tun tuni take nan, na ce sai ka hauro."

Ta miƙo masa ambulan. Ya sa tabaran a gabanta, ya karanta. Takardar miƙa ginin ga sabon kamfani ce, da jerin makullan da zai bayar. An sa mata hannu tun ranar Juma'ar da ta wuce, kafin ma Manaja ya ba shi wa'adi.