Pak Wagiran, Wanda Ya Nemo Muryar Jiniya a Gonar Shinkafa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu na Sumberwatu ya san tarin babur ɗin Pak Wagiran, wato Malam Wagiran a bakinmu. Da an sallame asuba zai kurɓi baƙin kofinsa, ya ci soyayyen rogo, ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ya shiga bin makarantu da ofisoshi yana tayar da kwamfutocin da masu su suka riga suka yi wa sallar gawa. Kafin ya tayar da babur kuwa sai ya ɗaga kai ya dubi dutse mai aman wuta da ke saman ƙauyen. Kullum. Yanzu ido ya fara gaza masa, ya ce zai ajiye sukudireba, ni kuwa na ce ba zai ajiye ta a ɓoye ba.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: Wagiran matsoraci ne, shi ma ba ya musu. Ƙanensa mai haƙar yashi ne, ambaliyar laka ta tafi da shi tun kafin a kafa jiniya a bakin kogi. Mu nan mun san halin ambaliyar. Ruwa zai zuba can ƙolin dutse mai aman wuta, ya kwaso toka da duwatsu ya gangaro, alhali a ƙasa rana na ƙwallewa, masu yashi na ta raha a tsakiyar kogi. Abin da ke tsakaninsu da mutuwa shi ne wata na'ura da aka dasa can sama cikin kwazazzabo. In ƙasa ta girgiza sai ta sanar da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin tsaro, kwamfutar kuma ta saki jiniya.

Wata safiya cikin damina Darno, mai gadin ɗakin, ya kira Wagiran a waya. Kwamfuta ta ƙi tashi.

Wagiran ya buɗe cikinta, ya ga ma'ajiyarta ta mutu murus. Wannan ba komai ba ne, yana da wata a jaka, yana kuma da manhajar na'urar. Matsalar ita ce uwar manhaja, wadda ke tayar da kwamfutar kanta. Na'urar dutse ba ta jin maganar kowace sai tsohuwar nan da aka daina yayi tuntuni, injin kuma ba ya karɓar komai sai ta faifai.

"Darno, miƙo min faifan da ke cikin durowa."

Darno ya ja durowa. Kwalin na nan, faifan babu.

Wagiran ya ciro wayarsa. Ya buga wa abokan sana'arsa na birni, wani ya yi masa dariya, wani ya ce a ba shi zuwa jibi. Jibi? Ya leƙa ta taga, ya ga wani farin gajimare ya fara ɗaura wa dutsen rawani. A wannan watan ruwa ba ya wuce bayan azahar.

Ya tura Darno kogi ya gaya wa mutane su fito. Wasu suka ji, suka saɓa shebur suka hau tudu. Saura suka tsaya, har da Parjo, wani ƙaton saurayi mai baki kamar reza.

"Ka ce wa Pak Wagiran ya sha ruwa ya kwanta," in ji Parjo. "Shi ko kyanwa ta yi atishawa sai ya ce ambaliya ce. Tipa ta zo daga nesa, wa zai sallame ta babu kaya? Kai za ka ciyar da mu?"

Darno na maimaita wannan magana a ɗakin tsaro sai ga Mbok Tukinem, wato Inna Tukinem, tsohuwar da ke share wurin, wadda kuma ita ce mahaifiyar Parjo. Ta ga kwali a hannun Wagiran, ta ce, "Au, abin nan mai walƙiya kuke nema? Ai yana gonata tun bara. Na ga ba a komai da shi."

Kada kowa ya zage ta. A nan, wa bai rataya faifai a gonar shinkafarsa ba? Ana zura masa zare a ɗaure a kan gora, iska na juya shi, walƙiyarsa na korar tsuntsaye. A idon manomi amfanin faifai ke nan, ba shi da wani. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wagiran bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Mbok, shi ne bakin jiniya. Parjo kuma yana cikin kogi."

Tsohuwa ta dafe bango. Ba ta yi kuka ba, sai dai zanin da ke ƙugunta ta ƙara ɗaurewa, ta ce, "Mu je."

Ya goya ta a babur suka nufi gona. Suka sami faifan yana lilo a kan gora, rana da ruwa sun gama cinye shi, bayansa ya ɓare kamar fatar albasa. Wagiran ya ɗaga shi sama ya hango gajimare ta cikinsa. Daga baya ya gaya min a nan ne ya ji muryar ƙanensa a kunne, ya ji kamar ya zauna cikin taɓo ya rufe ido.

Amma da ya waiwaya sai ya ga gonaki shimfiɗe har gindin tudu, ko'ina walƙiya. Ya tuna inda manoma ke samo faya-fayan: wurin masu gwangwan ne, waɗanda ke kwashe tarkacen tsofaffin ofisoshi a buhu. A zamanin da ake yayin wannan manhaja kuwa babu ofishin da ba ya da faifanta. Kuma lambar izinin tana nan manne a jikin kwamfutar, faifai kawai ake bukata.

Ya cire takalmi ya faɗa cikin taɓo.

Waɗanda suka gani har yau suna ba da labari. Dattijo da furfurarsa, wando a naɗe, yana bin kunya-kunya yana kama faifai, ya kai shi dab da tabarau, ya saki, ya kama na gaba. Waƙoƙin biki, finafinan faɗa, karatun yara. Mbok Tukinem na gabansa tana ƙwala wa manoma kira su tsinko nasu. Wani ya ce, "Pak, ko kai ma tsuntsu ka koma?" Da ya ji dalili sai dariyar ta maƙale masa, ya ruga ya tsinko zaren gonarsa gaba ɗaya. Can sama kuwa rawanin dutse ya rine ya koma baƙi, aka fara jin rugugi ƙasa-ƙasa.

A wata gona da aka yi wa sabon rataye aka dace. Faifan ya sha kashin tsuntsu, ya ɗan karce, amma bayansa lafiya lau.

A ɗakin tsaro ya wanke shi da sabulu, ya goge karcen da makilin, ya tsane da gefen rigarsa, ya yi bisimilla ya zura. Injin ya yi gurnani ya karɓa. Wanda bai taɓa zaman jiran tsohuwar kwamfuta ba bai san tsawon lokaci ba. Layin nan na kan allo yana jan ciki kamar katantanwa, iska mai sanyi ta fara shigowa ta taga, Mbok Tukinem na tsaye a ƙofa tana jan carbi, idonta a kan kogi. Da aka kai tsakiya sai abin ya tsaya cak, ya ce ya kasa karantawa.

"Ya mutu?" in ji Darno.

"Rufe min baki, don Allah."

Wagiran ya danna maɓallin fitar da faifan. Ya fitar, ya huhhura, ya sake gogewa daga tsakiya zuwa baki, ya mayar. Layin ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya motsa.

Ana kiran la'asar ya gama ɗora manhajar na'urar. Allo ya nuna zaren da ke auna girgizar ƙasa, a kwance lumui. Darno ya fara hamdala. Bai rufe baki ba zaren ya yi tsalle ya haukace, jiniya ta tsage sama da kuka.

A kogi rana ce tarwai. Amma jiniyar nan ba ta taɓa yi musu ƙarya ba, don haka kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Parjo ne na ƙarshen hawa tudu, da rarrafe. Yana juyowa laka ta iso, baƙa ƙirin, tana mirgino duwatsu kamar shanu, ta ɗauki tipar nan ta kifa, ta wuce da ita. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Uwarsa ta iso ta fara kai masa duka a ƙirji, sannan ta rungume shi ta fashe da kuka. Wagiran kuwa yana bayan ɗakin tsaro yana amai, don tsoro.

Pak Wagiran, kai ne matsoracin da tsoronsa ya yi mana rana. Kai ne ka shiga taɓo da furfurarka saboda yaron da ya gama yi maka ba'a. Kai ne washegari ka kwafi faifan ka raba a gidaje da masallaci, ka koya wa Darno aikin tun daga farko har ƙarshe, sannan ka kai wa Mbok Tukinem buhun matattun faya-fayai, ka ce, "Waɗannan na tsuntsaye ne, Mbok. Na durowa na mutane ne." Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idonka haske, Ya jiƙan ƙanenka.

Ku kuma da aka damƙa wa tsaron wani ƙaramin abu, ko faifai ne ko makulli, ku ji tsoro irin nasa, ku duba durowarku tun sama na fari. Parjo dai ya daina ba'a. Yanzu shi ke ɗauko Wagiran a babur zuwa masallaci, kuma kafin ya tayar, sai ya ɗaga kai ya dubi dutsen.