Amanar da Ta Kumbura a Ƙarƙashin Gado

Fita daga Sakkwato

Ana kiran assalatu na fito daga gida, jaka a kafaɗa, raina a ɓace. Ni aikina horar da malaman firamare ne. Bara ofishinmu ya raba wa wasu makarantun Wurno da Rabah da Goronyo kwamfutocin hannu da farantin sola, ni kuma na koya wa malamai yadda za su bar yara su zauna rukuni-rukuni, su taɓa, su gwada, su yi tambaya, maimakon malam ya faɗa su amsa har rana ta take.

A cikin waɗanda na horar babu wadda ta shiga raina kamar Malama Luba, mai aji biyar a wata makaranta kusa da madatsar ruwa ta Goronyo. To ita ce hedimastanta ya kawo ƙararta: wai ajinta ya zama kasuwa, yara na musu da ita, kuma an fasa kwamfuta guda. Daraktan ofishinmu bai yi wata-wata ba, ya ce a cire ta daga aji, a kwashe kwamfutocin ajinta a ƙara wa makarantar Rara, inda aka ce nasu ko ƙwarzane babu. Na roƙe shi ya bari in gani da idona. Ya ce, "Ki tahi, Hajiya. Ki zo min da kwamfuta guda daga kowace makaranta. Ran Alhamis ni ka sa hannu, ko kin dawo ko ba ki dawo ba."

A tasha na sami motar Wurno saura mutum biyu. Direba ya dubi jikina, ya dubi kujerar, ya ce, "Hajiya, ke kaɗai kin cika muna mota." Na ce masa ya ji da tayarsa da ta suɗe, ya bar ni da nawa jikin. Kafin Acida an tsayar da mu a shingen jami'an tsaro, aka leƙa but ɗin motar, aka tambayi inda za mu, muka wuce. Zafin bazara tun hantsi bai yi ba ya fara gasa mu.

Dinawa

A Dinawa na sauka, daga bakin titi ɗan kabu-kabu ya kai ni makarantar garin a babur. Ashe labarin zuwana ya riga ni. An share fili, an yayyafa ruwa, hedimasta ya sha babbar riga. Ya ja ni aji huɗu yana murmushi, ya ce in ga koyarwar zamani.

Na shiga, na tsaya cak. An jera bencina rukuni-rukuni yadda na koyar, yara na fuskantar juna. Kowane rukuni akwai yaro ɗaya riƙe da kwamfuta da hannu biyu, ya ɗaga ta daidai ƙirji kamar mai riƙe da tiren baƙi. Shiru, ko tari babu. Malamin yana gaban allo yana karanta darasin daga tasa kwamfutar, ya kwafa da alli, su kuma su murɗo wuya su maimaita. Na matsa kusa da wata yarinya na leƙa abin da ke hannunta. Baƙi ƙirin! A kashe take.

Na ce, "Ɗiyata, kunna min in gani."

Ta dubi malaminta, idonta ya ciko. Ta ce, "An ce kada mu latsa komi. Sai dai mu wanke hannu mu riƙa in baƙi sun zaka."

Inna lillahi! Na juya ga hedimasta na ce, "Malam, mi na na wanga?" Ya ce ai tsari ne, ga rukuni an yi, ga kaya an fito da su, kuma har yau babu wadda ta lalace. Wallahi da gaskiyarsa yake faɗa, fuskarsa cike da jiran yabo. Na karɓi kwamfuta ɗaya na sa a jaka, na sha furar da aka dama mini don kada a ce na raina, amma ban ji daɗinta ba.

Rara

Sai da na koma titi, na jira motar da za ta ɓangaren Rabah, wata akori-kura da ta ɗauko buhunan gero da awaki biyu. Aka ba ni gaba. Direban ya ce in dai ina son isa Wurno in kwana, to kada la'asar ta same ni a hanya, don yanzu ba a wasa da yamma a wannan yanki. Muka isa Rara ana shirin azahar.

Hedimastan nan dattijo ne, Malam Sahabi, farin gemu, magana a hankali, irin mutanen da in sun shigo sai ka gyara zama ba ka sani ba. Gidansu gidan malamai ne tun kakanni. Na zaga azuzuwa ban ga kwamfuta ba, ban ga waya ba, farantin sola ma babu shi a kan rufi. Na tambaya.

Ya ce, "Ranki shi daɗe, a makaranta? Inda tagogi babu ƙyaure? Taho ki gani."

Ya kai ni har gidansa, har ɗakin mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf tana jan carbi a kan buzu. Muka gaisa. Ya durƙusa ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta, ya ciro mabuɗi daga aljihun ciki. Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, ko fita ban yi in bar ɗakin ga buɗe. Kayan mutane na."

Ya buɗe. An naɗe su cikin sabon yadi fari, kowace a kwalinta, kowace a ledarta, har ƙamshin turare suke yi. Ya ce, "Ran da anka ba mu su, Darakta da bakinai yac ce amana ta, wanda duk yal lalata shi ka biya. Kakana an ba shi ajiyar littattahai, mai su yat tahi Makka bai komo ba sai da ɗiyanai sunka girma, yaz zo ya ishe ko takarda guda ba ta goce ba. Ni na ka ba yara amanar hukuma su yi wasa da ita?"

Na zaro ɗaya daga kwali. Bayanta ya yi tozo, gilashin ya ɗago daga jikinta. Na zaro ta biyu, haka. Ta uku, haka. Rufin ɗakin kwano ne, akwati ƙarfe, ga zafin ƙasar nan, ga shi ko sau ɗaya ba a taɓa yi musu caji ba. Batir duk ya kumbura.

Na ce, "Baba, sun mutu."

Ya ce, "Sun mi?"

Na yi masa bayani cewa abin nan in ba a amfani da shi lalacewa yake. Ya karɓa yana juyawa. Ya ce, "Ko yatsa ba a ɗora musu ba. Wallahi ko ni ban taɓa ba." Sai ya zauna daɓas a ƙasa gaban uwarsa, dattijo mai jikoki, hawaye na bin gemunsa. Na zo da niyyar faɗa, amma tausayinsa ya kama ni. Ga shi kuma nan ne za a kawo kayan Luba a matsayin lada!

Na ɗauki ɗaya da kwalinta, na isa Wurno da sauran rana, na sauka gidan wata ƙawata da muka yi kwaleji tare. Ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka, na ci kaɗan, ta yi ta mita wai na zama 'yar birni.

Goronyo

Da safe na shiga motar Goronyo. Hanya duk albasa, a buhu, a kan jakuna, a tule bakin titi, warinta har cikin ido. Ina tafe ina ce wa kaina, ko ba komai yau zan ga aji mai rai. Daga gari ɗan kabu-kabu ya bi da ni gefen magudanar ruwan da ta taso daga madatsa, har ƙofar makaranta.

Hedimasta Malam Ummaru ya tare ni yana cewa, "Kin zo a sa'a, ta shiryu." Ban gane ba sai da na leƙa aji biyar.

Bencina a jere sahu-sahu. Yara sun harɗe hannu a ƙirji. Kwamfutoci an goge su an jera a kan tebur, an rufe da mayafi. Luba, wadda na sani da dariya da kazar-kazar, tana tsaye da bulala a hannu tana cewa, "Tsiro yana buƙatar ruwa," yara na amsawa, "Tsiro yana buƙatar ruwa." Abin da na gani a Dinawa da Rara bai girgiza ni kamar wannan ba.

Na ce, "Luba! Mi kike yi haka?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, an ce kin zaka ki ɗauke ni. Nic ce bari in yi yadda aka so, ko a bar ni da yaran ga." Mijinta ya rasu, aikin nan shi ne ita da 'ya'yanta, kuma ta shekara tana gina ajin nan.

Raina ya tashi. Na fizge mayafin daga kan tebur, na ce, "Ina wadda ta fashe?" Ta ciro ta daga jakarta. Tsagewa ce daga kusurwa zuwa kusurwa, an ɗaure gefen da salatif. Kwamfutar ta faɗi ne a bakin magudana ranar da yara suka je ɗaukar hoton yadda ruwa ke shiga fangalin albasa. Na latsa, ta kawo wuta nan take. Na ɗaga ta na ce wa aji, "Wa zai gaya mini abin da ke cikin nan?"

Sai wata yarinya mai suna Saratu ta kasa daurewa, ta ce, "Albasarmu ta!" Kamar an ɓalle ƙofar madatsa. Kafin in ƙifta ido sun juya bencina, kowa ya nufi rukuninsa, an jawo kwanduna da buhuna daga bayan aji. Ashe tun farkon cirar albasa suke gwaji: wani rukuni ya ɗaure tasa cikin leda, wani cikin buhu, wani ya shanya a kan karare yadda iska ke ratsawa ta ƙasa. Kullum da safe su ɗauki hoto, su ware ruɓaɓɓu, su rubuta, su gwada da na jiya. Wani yaro ya ce rana ce ke ruɓar da ita, Saratu ta ce ƙarya ne, rashin iska ne, ta jawo hotuna tana nuna masa. Luba ta ce ita tana ganin laima ce, wato danshi, sai yara uku suka taso mata da hujja, tana dariya tana cewa su kawo shaida.

Malam Ummaru ya ce, "Kin ji ko? Ɗiya na gaya ma malama ba haka na ba! Ina ladabi?" Na ce, "Malam, da anka tashi gaishe ka ɗazu, akwai wanda bai durƙusa ba?" Ya kau da kai, amma ban ce ya yarda ba. Na sa fasasshiyar a jaka. Luba ta raka ni bakin hanya, ta cusa mini ƙunshin soyayyen kifi, ta ce, "Anti, mi za a yi da ni?" Na ce ban sani ba, don gaskiyar ke nan.

Komawa gida

Motar Sakkwato ta yi faci sau ɗaya bayan Wurno, muka tsaya a rana muna fifita da mayafi. Duk da haka na shiga gida kafin magariba, lafiya lau, ƙafafu a kumbure.

Alhamis da safe na jera kwamfutoci uku a teburin Darakta. Ya ɗauki ta Rara yana yaba kwalinta, ya zaro, ya ga tozon, ya latsa, ya sake latsawa. Ya ɗauki ta Dinawa, ta kawo wuta da ƙyar tana tambayar wane harshe za a sa mata, tambayar da take yi wa wanda ya fara buɗe ta. Sai ya ɗauki fasasshiyar da yatsa biyu yana yamutsa fuska. Yana taɓawa wani bidiyon da yaran suka ɗauka ya buɗe, muryoyinsu suka cika ofis, ana ta gardamar albasa.

Ya ce, "Wagga hayaniya hwa?"

Na ce, "Karatu na, ranka shi daɗe." Na kuma gaya masa abin da Malam Sahabi ya ce, da wanda ya ce masa amana ce, duk wanda ya lalata zai biya. Na ce in za a hukunta dattijon nan, to a fara daga ofishin nan. Na ɗauka ranar zan bar aiki. Ya dubi tsagewar gilashin, sannan ya ture takardar cire Luba gefe, ya ce, "A bar ta. Shi ma a bar shi."

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da ƙawata ta Wurno da na kasa cinye tuwonta, da Malam Sahabi da mahaifiyarsa, waɗanda suka tsare abin da aka ba su iyakar saninsu. Ina fitowa daga ofishin na kira Luba in yi mata albishir. Ta ɗauka, na faɗa, na sake faɗa da ƙarfi. Ta ce, "Anti, ban jin ki, yaran ga sun cika min kunne! Bari in sa su yi shiru."

Na ce, "Kul! Ki bar su. Na kira ki in an tashi."