Inci Biyu a Rigar Kanari

"Ni dai awona bai taɓa yi mini ƙarya ba, Malama," in ji Goggo, da allura a gefen bakinta. "Ki nemi laifin a wani wurin."

Malamar waƙa ba ta yi musu ba, sai ta maimaita abin da ta faɗa tun shigowarta shagon. In Kanari tana cikin kayan makaranta, takan ja ƙarshen waƙar har mai saurare ya gaji da jira. In ta sa wannan rigar gasa da Goggo ta ɗinka mata kuwa, sai muryar ta yanke a tsakiya. Jiya sau uku hakan ta faru a gaban kwamiti. Sun ce jibi za a yi gwajin ƙarshe cikin cikakkiyar shiga, kuma in ta sake yankewa, yarinyar da ta zo ta biyu ce za ta hau jirgi ta wakilci ƙasa a gasar waƙar yara ta duniya.

Kanari 'yar direban da ke bayan layinmu ce, shekararta goma sha ɗaya, kuma muryarta ce ta jawo mata wannan suna. Tana tsaye a kan benci cikin shuɗiyar rigar, ta ƙura wa fanka ido.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Shekara ashirin da shida ke nan tana taka keken ɗinki a wannan shago mai taga ɗaya, tun da mijinta ya rasu ya bar mata keken da 'ya'ya huɗu. Da kayan makaranta ta fara, daga baya 'yan mata masu son ɗinki ya kama jiki suka gano ta. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye take sha. Tun da aka kawo mata aikin rigar nan ta ƙara rikicewa, duk wanda ya leƙo sai ta gaya masa ɗinkinta zai fito a talabijin ɗin ƙasashe. Kwana tara ta yi tana jera duwatsu a ƙirjin rigar da hannu.

Ta zare tef daga wuyanta, ta zagaya yarinyar.

"Tsaya cak, 'yar nan. Saki numfashi. Yauwa."

Haka take auna kowa. Ta duba lambar, ta duba littafinta, ta miƙa wa Malama ta gani da idonta. Daidai suke. Goggo ta ce ƙila tsoro ne, ko mura, ko kuma uban ya cika ta da alewa. Ta je bakin ƙofa ta dawo, ta ɗauki almakashi ta ajiye. Malama ta ce ita ba ta san ɗinki ba, amma a bar tef ɗin a jikin yarinyar ta rera.

"Nan shago ne ko gidan rediyo?" in ji Goggo.

Duk da haka ta mayar da tef ɗin, wannan karon ta buɗe zif ɗin rigar, ta riƙe tef ɗin a kan haƙarƙarin yarinyar. Kanari ta fara. Da ta iso wurin da muryar ke yankewa, ta ja iska, sai na ga tef ɗin yana zamewa tsakanin yatsun Goggo. Muryar ta tafi ba ta yanke ba, har mai facin taya na ƙetaren titi ya ɗago kai.

Goggo ta daɗe tana kallon inda babban yatsanta ya tsaya.

"Inci biyu," ta ce. "Me ya hana ki faɗa tana matse ki?"

"Na ga kin sha wuya a kanta, Goggo."

"Ji ja'ira. Ni na ce miki ɗinkina ya fi numfashinki?"

Ta cire mata rigar, ta juya cikinta. Babu rara ko kaɗan, don ta datse gefen tas saboda ya kwanta luf, kuma yadin da kwamiti ya kawo ya ƙare. Malama ta tambaya ko duwatsun za su tsira. Goggo ta ce layi biyu na kowane gefe sai sun tafi, tana faɗa tana bin ɗinkin da reza. Duwatsun suka riƙa zubowa a kan tebur, wasu suna gangarawa ƙarƙashin keke, ba ta ko bi su da ido ba.

Ta yanki ɗan ƙyalle daga cikin kalmasar ƙasa, ta ɗaga shi a hasken taga, ta ƙulle a bakin gyalenta. Ta ce a dawo da yarinyar gobe da safe, kuma ta zo da waƙarta, don da ita za a gwada.

"In ba a samu irin yadin ba fa?" Malama ta tambaya.

"Shago arba'in ne a layin 'yan yadi. Ku matsa mini."

Ta zura takalmi, ta ratsa tsakanin motoci ta nufi kasuwa, tef ɗin yana lilo a wuyanta.