Akwati Biyu da Baba Bai Yanka wa Baki Ba

Ina tsugune bakin randa ina wanke acca, ruwa na yayyafi a kan kwanon rufi, sai wayana ya yi ƙara. Hannuna a jiƙe, Godiya 'yata ce ta ɗauka ta manna min a kunne. Ƙanena Istifanus ne daga Kafanchan. Bai ja magana ba, ya ce, "Yaya, Baba ya huta." Na ce to. Na ci gaba da juya ƙwarya, acca na gangarawa, yashi na zama a ƙasa. Sai da na wanke shi tas kafin na ajiye ƙwaryan na tashi. Yadda na hau mashin daga Nok zuwa bakin titi, yadda na shiga bas, duk ban sani ba. Abin da na tuna, gonakin citta sun yi kore shar a hanya, kuma a cikin kaina ba kuka nake ji ba. Tulu nake ji, irin na kiɗan coci, ana buga shi a hankali, can nesa.

Ni ce Rifkatu, Maman Godiya, 'yar fari a wurin Baba Ayuba mai rediyo. Ban yi boko mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna, yadda yake a bakina haka nake sa shi. Fasto ya faɗi na coci, dattawa sun faɗi na dangi. Ni abin da zan faɗa ƙarami ne, na wani aiki da ya bari a kan tebur.

Baba kafinta ne tun asali, gyaran rediyo daga baya ya shige shi. Mutum ne mara hayaniya. Idan yara na faɗa a tsakar gida ba ya tsawa, sai ya fito ya tsaya yana kallon su har kunya ya kama su. Idan tsohuwa ta kawo rediyo, zai gyara, ya goge da tsumma, ya nemo mata tashan da take so kafin ya miƙa mata. Ƙusa ko ya lanƙwashe ba ya yarwa, zai miƙe shi ya sa a gwangwani.

Mamanmu Saratu ta riga shi tafiya tun ina da cikin Godiya. Ita ce mai ba da waƙa a matan zumunta na coci, kuma ita ke buga tulu. Akwai kaset ɗaya da Baba ya ɗauka muna ƙanana, ranan da matan suka zo koyon waƙa a gidanmu. A duniya nan ne kawai muryan Mama ya rage. Da Baba ya tsufa ya bar shago, sai ya sa a ranshi zai yi wa muryan nan gida. Kabad ɗin Mama na maɗaci, wanda shi da kanshi ya yi mata lokacin aure, gara ya cinye ƙafafun. Ya ware katakon da ya tsira, ya haɗa ƙananan akwati biyu, kowanne bai kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa ba, daidai zama a kantan littafi na falo. Ya goge su har suna ƙyalli kamar an shafa man ja. Amma gaban su a rufe yake ruf. Bai yanka ramin da sifika zai zauna ba, don bai zaɓi sifikan ba tukuna.

Na tambaye shi me ya hana ya saya irin na kasuwa ya huta. Ya ce waɗancan biyu-biyu ne a ciki, babba a ƙasa wai wufa, ƙarami a sama wai tuwita, sai su raba muryan mutum, ƙirji ya fito nan, haƙori ya fito can. Ya ce, "Mamanku baki ɗaya take da shi. Ba zan raba ta biyu ba." Shi wanda yake nema wai ful-renj, guda ɗaya tak a kowane akwati, shi kaɗai ya ɗauki komai daga ƙasa har sama. Kuma kaset ɗin nan ya ishe shi gwaji, tunda tulu na ƙasa, kacau-kacau da matan ke girgizawa na sama, Mama na tsakiya.

Ku zo ku ga yadda yake zaɓe. Sifika na tsohon talabijin, na ƙofan mota, na rediyon Beljiyam, wato gwanjo, duk ya tara. Zai ɗaga ya ji nauyin maganaɗisun baya. Ya ƙwanƙwasa takardan gaban sifikan da farce. Ya danna a hankali da yatsu ya ji ko yana gogan wani abu a ciki. Ya bi gefen da ido ko ya tsage. Ya sa tabarau ya duba lamban baya, wai om, ko ya yi daidai da ƙaramin amfilifayan shi. Wanda ya wuce duk wannan, sai ya ɗauko tulun Mama na coci, ya toshe ramin gefe, ya ɗora sifikan a baki, ya naɗe da tsohon zani kada iska ya fita. Yakan ce sifika tsirara ƙarya yake yi, sai ya samu ɗaki a bayanshi za ka san halinshi. Ya koya min cewa babba yana kawo tulu amma ya danne kacau-kacau, ƙarami kuma yana kawo kacau-kacau ya bar tulu a hanya. Ƙaramin akwati ba ya ba ka duka, dole ka san wanda ka fi so ka riƙe.

Matsalan shi ne kunnen Baba. Injin yankan katako ya cinye mishi sama-saman ji. Kukan gyare ma ya daina ji. Don haka duk ranan da na shigo Kafanchan, kafin in sauke kaya zai ce, "Rifkatu, zo ki ara min kunne." In zauna a kan benci in rufe ido, ya danna kaset. Waƙan farko kawai yake sawa, ko gama shi ba a yi, sai ya tsayar ya mayar baya, wai kada zaren ya gaji. Wata rana na buɗe ido ba shiri, na ga ashe ba tulun yake kallo ba, fuskana yake kallo. A fuskana yake jin abin da kunnenshi ya rasa.

Zuwana na ƙarshe, sauran iri biyu suka rage a tebur. Akwai baƙi mai roba, inci huɗu, sabo fil, guda biyu, Istifanus ya kawo mishi daga Kaduna. Akwai kuma wani tsoho na farin takarda, inci uku, mara nauyi, gefenshi yadi, wanda ya samo wurin abokinshi Malam Garba mai kayan rediyo a kasuwa. Shi wannan ɗaya ne tak, ba ɗan'uwa. Mun zauna za mu gwada ke nan ruwa ya sauko. Kwano na ƙara, ko maganan juna ba ma ji. Muka zauna muna kallon ruwa na zuba daga indararo, ƙamshin maɗaci da jiƙaƙƙen ƙasa ya cika ɗakin. Da lokacin bas ya yi na tashi, ya raka ni bakin ƙofa ya ce ba komai, idan ruwa ya ɗauke za mu ji. Maganan mu na ƙarshe ke nan.

Ranan jana'iza an kawo manyan sifika na haya, kowanne ya kai tsawon mutum. Ƙirjina na rawa, amma kalma ɗaya na mai wa'azi ban kama da kyau ba. Ina kuka ina kuma so in yi dariya, don na san abin da Baba zai faɗa.

Ana cikin zaman makoki Malam Garba ya zo. Ya gaishe mu, ya yi mana ya haƙuri, ya zauna cikinmu. Da zai tafi ya ciro wani abu a naɗe cikin tsohon hula ya ajiye a gabana. Ɗan'uwan farin sifikan nan ne. Ya ce Ayuba ya daɗe da roƙonshi ya sa ido, sai ga shi ya fito cikin kayan da aka sauke bayan an riga an kwantar da Ayuba a asibiti. Ya ce, "Na so in kai masa da hannuna. Allah bai nufa ba." Ya share ido da hannun riga ya fita.

Da baƙi suka ragu, Istifanus ya ce bari ya ƙarasa aikin Baba, tunda shi ma ya iya riƙe zarto. Shi baƙaƙen yake so ya sa, wai sababbi ne, kuma suna da ƙarfi. Na ce a tsaya a ji tukuna. Ya ce ni da ban san waya ja da baƙi ba ina ruwana da aikin sifika. Na ce shi kuma kunnenshi na motan kasuwa ne, in abu bai girgiza kujera ba bai ji ba. Muka yi dariya, na farko tun rasuwan. Amma ni ina tsoro. Rami babba ba ya komawa ƙarami, kuma kabad ɗin Mama ya ƙare, babu wani katako. In muka yanka ba daidai ba, shi ke nan, kuma wanda yake karanta fuskana ba ya nan.

Muka jira safiyan da gari ya yi tsit, ruwa ya ɗauke, hazo na kwance kan duwatsu. Istifanus ya ɗora baƙin a bakin tulu, ya naɗe da zanin. Na rufe ido. Gaskiya tulu ya fito, har a tafin ƙafana na ji shi. Amma Mama na can baya, kamar tana waƙa a ɗakin maƙwabta an saki labule. Na ce a canja. Ya ɗora farin, ya mayar da kaset baya. Kafin waƙan ya fara, sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba duk zaman da na yi a bencin nan. Na ji Mama ta ja numfashi. Sannan da ta kira sunan Yesu, sai ga ɗan fito siriri da wushiryanta ke yi. Na manta da shi sam, sai da ya shiga kunnena. Tulun ya ragu, ban musa ba. Amma ina zaune na ga tsakar gidanmu na da, rana na ratsa ganyen mangwaro, ɗankwalinta ya zame gefe ɗaya.

Da na buɗe ido, Istifanus fuskana yake kallo, daidai yadda Baba ke yi. Ya ce, "Na gani, Yaya." Ya ɗauki fensir ya zana ƙaramin da'ira.

Ya yanka a hankali, garin katako ja na zuba a ƙafanshi. Muka farke filon Baba muka sa audugan cikin akwatunan yadda shi Baba ya taɓa cewa za a yi. Muka ɗora su a kantan littafi, ɗaya dama ɗaya hagu, Littafi Mai Tsarki na Baba a tsakiya. Da aka kunna, muryan ya watse, kamar yana bin bango, tsakiya ba kowa. Na ce mun ɓata. Sai na tuna Baba yakan taɓa wayan sifika da batirin tocila, ya ga takardan ya leƙo waje ko ya shige ciki, wai dole su biyun su yi numfashi tare. Istifanus ya gwada, ashe ɗaya na fita ɗaya na shiga. Ya juya waya, ya tura akwatin kusa da bango. Tulu ya dawo kaɗan, daidai misali. Mama kuma ta tsaya a tsakiya cak, wurin da babu sifika, bisa Littafin. Godiya da ba ta taɓa ganin kakanta ba ta matso ta miƙa hannu wurin, ta dawo da shi a hankali.

Ba wanda ya tashi ya tsayar da kaset. Ya wuce inda Baba ke tsayawa kullum. Waƙan ya kusa ƙarewa sai aka ji benci ya faɗi, yarinya ta fasa kuka, mata suka kwashe da dariya, Mama ta fi kowa. Sai muryan namiji, saurayi-saurayi, kusa sosai, ya ce, "Rifkatu, zo nan wurina. Bari mamanki ta gama."

Ashe shi ma yana ciki. Duk shekarun nan gida yake yi wa muryanta, bai taɓa faɗa mana da nashi a gefe ba.

Baba, mun yanka bakin. Ban sani ba ko wanda za ka zaɓa ke nan, amma na ara maka kunne kamar kullum, kuma ruwa ya ɗauke, mun ji.

Ubangiji Allah mai jinƙai, ka karɓi bawanka Ayuba, ka gafarta mishi kurakuranshi, ka ba shi hutu a wurinka. Ka buɗe mishi kunne sabo, ya ji kacau-kacau da kukan gyare da muryan Saratu ba tare da ya ari kunnen kowa ba. Ka ta'azantar da Istifanus da iyalinshi, da jikoki, da dangi na Kafanchan da na Nok. Ka sāka wa Malam Garba da alheri, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo mana. Mu da muka rage, ka riƙe mu baki ɗaya, kada a raba mu biyu, har ranan da za a ce mana mu ma mu zo nan. A cikin sunan Yesu, amin.