Nassirou da Jajayen Kuregun Greenbelt

Abokina Nassirou, Allah Ya jiƙan sa, mutumin Maraɗi ne. Da jifan kurege ya tashi, yana gadin gonar gyaɗar mahaifinsa. Da ya zo nan ƙasar waje, garin Greenbelt, yana tuƙin tasi, sai ya tarar da kuregu ko'ina suna yawo ba mai ce musu kanzil. Yawancinsu manya ne masu ruwan toka. Amma a bayan gidan da yake haya akwai wasu itatuwa masu ganye kamar allura, a nan wasu ƙananan jajaye suke zaune, masu faɗa da tsiwa. Su suka shiga ransa. Yakan ce halin ƙannensa ne da su.

Nassirou ba ya iya son abu bai ciyar da shi ba. Sai ya shiga watsa musu gyaɗa kullum kafin ya fita aiki. Matarsa Safiatou ta yi ta yi masa tsiya, wai wanda ya gama jifan su a gida shi ne yau yake kai musu kalaci.

Ba a jima ba jajayen suka fara ɓacewa. Abin ya dame shi har ya je ya tambayi Edna, wata dattijuwar maƙwabciyarsu mai sha'awar tsuntsaye. Ta ce a ganinta gyaɗarsa ce ta tara manyan, suka cika wurin, ƙananan suka rasa sakewa. Su jajayen kuwa, 'ya'yan itatuwan nan sun ishe su.

Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Ya daina watsa gyaɗar, ya koma zama a benci yana zuba ido.

Ana haka masu gidan suka ce za su sare itatuwan don a faɗaɗa wurin ajiye motoci. Nassirou ya bi ƙofa ƙofa da ɗan Turancinsa, Edna na biye da shi da sandarta. A wurin taron masu haya ya miƙe.

"Ni na kore su da alherina," ya ce. "Ku bar musu gidansu, ko sa dawo. Motata ni sai in ajiye ta a titi."

Mutane suka yi dariya, amma da yawa sun ɗaga hannu. Aka sare kaɗan, aka bar sauran.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi da sanyin bara, bai ga dawowarsu ba. Har yau in na bi ta layinsu sai na rage gudu.

Da ɗumi ya shigo bana, Safiatou ta buga mini waya tana kuka tana dariya. Ta ce in zo maza, ga wata daga cikin jajayen can a kan reshe da 'ya'yanta a bayanta, tana ta zazzaga wa Edna masifa.