Hannun Baba a Jikin Injin

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, na gaji injin sassaƙa ƙarfe daga mahaifina a Gummi. Da shi yake yi wa manoman fadama kayan injin ban-ruwa da na casar shinkafa. Hannuwa uku gare shi da ake murzawa: biyu suna tura teburin da ƙarfe ke kai, na uku yana ɗaga shi zuwa bakin wuƙa. In Baba ya gama aiki, sai ya murza na ukun ya sauke teburi, wai ba a barin wuƙa kan ƙarfe.

Ni kuwa hannuna bai ƙware a komai ba sai kai loma. Duk ƙarfen da na ɗora sai ya tashi a banza, har masu kawo aiki suka koma gaishe ni daga nesa. Ga shi da shagon nan muke ci.

Abokina da ya karanta lantarki a Sakkwato ya ce zai fid da ni kunya. Ya ɗaura ƙananan injina a hannuwan nan biyu, ya jona su da wata tsohuwar kwamfuta. Na ukun bai sa masa ko waya ba.

Ranar gwaji, bayan azahar, muka tada janareto, muka bar injin yana aiki, muka zauna a waje. Sai ga mahaifiyata, wadda ɗakinta ke manne da shagon, ta fito ko takalmi babu.

"Wa ka aiki ciki?"

Na ce, "Ba kowa, Inna, kwamfuta ce."

"Kak ka yi man wasa. Hannun babanka na, na san shi."

Muka leƙa. Hannuwa suna juyawa ba mai riƙe da su, kuma kafin kowane yanka sai su ɗan koma baya, ƙiii, sannan su ci gaba. Haka Baba yake yi, sak.

Abokina ya ce ba aljani ba ne. Dogon ƙarfe mai zare irin na noti da ke tura teburin ne ya cinye a inda Baba ya yi shekaru yana aiki, dole aka umarci kwamfuta ta riƙa komawa baya yadda Baba yake yi kafin yankan ya daidaita. Inna ba ta ko dube shi ba.

"Ko ku hidda abin ga, ko in koma Bukkuyum wurin ƙanena. Ba ni zama mamaci na aiki bayan ɗakina."

Ba na iya rasa shago, ba na iya rasa Inna. Muka sayo sabon ƙarfe mai zare daga Kano, abokina ya goge wancan umarnin. Ƙarar ta ɓace, aiki ya dawo, Inna ta kwance kayan da ta ɗaure. Na zaci za ta yi murna, sai na tarar da ita ta jingina da bangon tana hawaye. Ta ce, "Yanzu kam ya tahi."

Wata Juma'a na gama aiki, ladan ya kira, na kashe janareto cikin sauri na bar wuƙa kan ƙarfe. Ina ɗaukar hulata na ji ƙiii. Na waiga. Hannu na uku, wanda babu waya a jikinsa, yana juyawa a hankali, teburi yana sauka. Da ya rabu da wuƙar, ya tsaya.

Abokina ya ce girgiza ce. Na ce girgizar me, wuta a kashe? Ya ce nauyin teburi ne, amma daga ranar a bakin ƙofa yake tsayawa.

Har yau in zan shiga shagon sai na yi sallama, kuma ban sake barin wuƙa kan ƙarfe ba. Inna ta ƙarasa rayuwarta a ɗakin nan ban gaya mata ba. Ban san abin da na fi tsoro ba: ta ɗaure kaya ta tafi, ko ta ce in buɗe mata shagon ta shiga.