Lallen Inna Habsatu

A tsohon garin Agadas, in mata da miji suka saɓa, akan ce a kai su lalle wurin Inna Habsatu. Inna Habsatu da ƙunshi ta fara neman abinci. Mata suka yi ta zazzage mata cikinsu, har ta wayi gari mai gyaran aure, ba wanda ya naɗa ta.

Dokarta ɗaya ce: ba ta zaunar da su tare sai ta ga matar ita kaɗai. Miji na shigowa za ta miƙa masa buta da gawayi, ta ce, "Ɗana, dafa mana shayi, ban da na rowa." Sai ta ja matar ɗaki. Ai mai lalle ce kaɗai za ta naɗe wa matar aure hannun riga ba a tambaye ta dalili ba. Tana shafawa tana tambaya a hankali: "Kina tsoronsa? In kika ce a'a, me ke biyo baya?"

Yawanci abin dariya ne. Wannan mijinta minshari, waccan nata ya fi tarairayar babur a kanta. Inna ta fito ta wanke su tas su biyun, a sha shayi, a tafi ana dariya.

Ranar da Issouf, wani mai haƙar zinariya a Tchibarakaten, ya kawo matarsa Zulaiha, fara'arsa har kunne, amma duk abin da aka tambaye ta shi ke amsawa. A ɗaki Inna ta ga shati a damtsenta.

"Ƙofa ce ta buge ni, Inna."

"Ƙofar taku yatsu gare ta, 'yata?"

Zulaiha ta fashe da kuka. Ran Inna ya ɓaci ƙwarai. Ta san in ta haɗa su zama, duk kalmar da Zulaiha ta furta a jikinta za ta ji in sun koma gida. Sai ta tambaye ta ko tana son komawa. Zulaiha ta girgiza kai. Inna ta lafta mata lalle har ƙafa, ta ƙunshe, ta aika a kira yayan Zulaiha, sannan ta leƙo waje.

"Ɗana, lallen bai kama ba. Yau ba ta taka ƙasa."

Issouf ya yi ta zarya, amsar ba ta canza ba, har magana ta je gaban manya aka raba auren.

Yanzu Zulaiha ce ke kwaɓa wa Inna lalle, ta yi ƙiba, dariyarta har titi. In sabuwar mata ta shigo tana jan hannun riga ƙasa, ita ke tashi ta rufe ƙofa.